Yadda ake kwance notin da ya ci tsatsa ya kafe a cikin injin mota

Damagaram gari ne busasshe. Damina wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara rana ce da ƙura. Duk da haka da wuya mako ya wuce a gareji ba a ci karo da notin da ya kafe a cikin inji ba, a sa sifana ya ƙi, a ƙara ƙarfi ya karye. Wanda bai san asalin motocinmu ba sai abin ya ba shi mamaki. Da yawansu sun gama ƙuruciyarsu a Turai kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Lome, kuma a can idan hunturu ya shigo gishiri ake watsawa a kan titi don ƙanƙara ta narke. Ruwan gishirin nan yana fantsama har ƙarƙashin bonet, ya shige tsakanin haƙoran noti, ya yi shekaru yana ci. Da tsatsarta motar take zuwa. Mu kuma sai mu ɗora namu: ruwan rijiya mai zartsi a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji na galan, batir mai yoyon asid, wankin inji da tiyo, ga zafin doguwar tafiya a hanyar Tanut zuwa Agadas ko ta Gure zuwa Diffa.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, muddin kan noti yana nan da kusurwoyinsa shida, jikinsa kuma bai murɗe ba, aikin bai ɓaci ba, lokaci kawai zai ci. Kowane mataki da zan kawo ya fi wanda ya gabace shi tsada da haɗari, don haka ba a wucewa gaba sai wanda ake kai ya gaza da gaske.

Duba abin da ya riƙe shi

Kafin ka ɗauki sifana, haska tocila ka kalli wurin da kyau, domin kafewa iri uku ce kuma kowace da maganinta.

Idan ja ka gani, tsatsar da aka saba ce, ƙarfe a cikin ƙarfe, kamar notin mazaunin batir ko na ƙarfen da ke riƙe altaneta. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, shi ya sa take cike ɗan sararin da ke tsakanin haƙora ta matse. Wannan ita ce mai sauƙi, mai da bugu sukan ishe ta.

Idan farin gari ka gani yana fitowa ta gefen kan noti, to notin ƙarfe ne a cikin alminiyom: famfon ruwa, murfin tamostat, murfin gaban inji, dogon notin altaneta. Ƙarfe biyu mabambanta idan suka haɗu da laima, alminiyom ɗin ne ke cinyewa, garin da yake zubarwa kuma yana cushe ramin gaba ɗaya. Sau da yawa haƙoran can ƙasa lafiyarsu lau, jikin notin ne ya manne a ramin da ya ratsa. Nan ne aka fi yin ɓarna, domin notin wuraren nan ƙanana ne, masu kan 10 da 12.

Na uku shi ne na bakin salansa, inda bututun hayaƙi ya haɗu da kan inji. Kullum wurin yana yin zafin ɗaruruwan digiri ya huce, har ƙarfen ya gaji ya yi gautsi, macen notin kuma ta zaizaye ta rame.

Ka kuma tabbatar da abu biyu. Leƙa baya ka gani ko akwai macen noti da ke riƙe da shi, wadda in akwai ita ce za ka kwance. Sannan ka sani akwai ƴan wurare masu haƙoran hagu, kamar babbar macen notin fankar wasu motocin BMW, waɗanda ake kwancewa ta dama. In kana shakka, tambayi wanda ya saba da irin motar kafin ka ja.

Shiri

Cire kan batir, ka fara da na ragi, wato wanda wayarsa ta tafi jikin mota. Wayar altaneta da ta sitata suna ɗauke da wuta ko mota a kashe take, sifana ta taɓa su ta taɓa jikin inji sai tartsatsi, a wurin da fetur yake kusa. Bayan haka ka buɗe wa kanka hanya. Idan gidan matatar iska ko wani tiyo ya tare ka, cire shi. Minti goma da za ka ɓata a nan shi zai ba sifanarka damar zama a miƙe, sifanar da ta zauna a karkace kuwa ita ke cinye kan noti.

In notin a cikin alminiyom yake, injin da ya yi ɗumi ya fi mai sanyi ƙalau saurin saki. Ɗumin da za ka iya ɗora hannu nake nufi. Kada ka taɓa notin hanyar ruwa injin yana da zafi, ruwan cikinsa a matse yake, zai feso maka.

Goga, mai, bugu, sai jira

Ƙurar garin nan idan ta gamu da baƙin mai takan zama ɓawo mai tauri a kewayen noti. Sa buroshin ƙarfe ka goge har ka ga ƙarfe, ka sa tsinken ƙarfe ka sakace layin da kan noti ya zauna a kai, ka hure. In macen noti ce, ka fi ba da ƙarfi wajen goge haƙoran da suka leƙo bayanta, domin ta kansu za ta bi ta fito. Mutane da yawa sukan samu ta motsa, sannan ta hau kan tsatsar da ba a goge ba ta sake kafewa.

Sai mai. Na gwangwanin fesawa da kowa ya sani shi ne WD-40, kuma duk wanda ka ga an rubuta dégrippant a jikinsa don wannan aikin aka yi shi. In babu, kananzir ko man dizal suna aiki, sai dai a hankali. Wasu sukan haɗa jan man giya na mota mai otomatik da asiton, wato sinadarin da ake goge jan farce da shi, rabi da rabi, a girgiza kafin a zuba, yana shiga sosai amma yana da saurin kama wuta. Baƙin mai ya yi kauri, a sama zai tsaya. Man birki kuwa, wanda yara a gareji suka fi saurin ɗauka, yana cin fenti, kuma yana jan laima daga iska. Ban ga dalilin zuba shi a wurin da ake yaƙi da tsatsa ba.

A gindin kan noti ake zuba man, wurin da zai samu hanyar shiga. In ƙarshen notin ya ɓullo ta ɗaya gefen, zuba ta can ma. Idan wurin a tsaye yake man yana gangarewa, naɗa ɗan tsumma ka jiƙe shi sharkaf ka bar shi a kai.

Yanzu ɗauki guntun ƙarfe mai faɗin baki ka ɗora a tsakiyar kan notin, ka riƙa bugunsa da guduma matsakaiciya, gajeren bugu mai kaifi, sau goma ko ashirin, a miƙe da tsawon notin. Girgizar tana tsattsaga tsatsar ta buɗa wa mai hanya. Kada ka bugi gefen kan, za ka lotsa kusurwa. In notin a kunnen alminiyom yake marar abin tokara a baya, sassauta hannu, kunnen yana iya ɓallewa. Macen noti kuwa, tokare ta da babbar guduma a gefe ɗaya ka buga ɗaya gefen da ƙarama.

Ƙara mai, ka bar shi minti ashirin, ka sake bugu, ka sake zubawa. Wanda ya daɗe yana so ya kwana. A nan ne mai mota yakan tsaya maka a kai yana duba agogo, ga lodi yana jira a kasuwar Dole. Gaya masa gaskiya da ladabi: "Alhaji, don Allah ka bar mana ita ta kwana. In na ja shi yanzu ya karye a ciki, sai mun nemi mai walda, wataƙila har mu sauke kan inji." Mafi yawan masu mota in suka ji haka sukan haƙura.

Sifana da yadda ake ja

A nan zan daɗe, domin a nan ake ci ko a faɗi.

Motocin Japan, su Toyota da Nissan, kan notinsu 10 ne, 12, 14, 17 da 19. Na Turai, su Peugeot da Mercedes, 10 ne, 13, 16 ko 17, da 19. Lamba 13 a kan notin 12 takan zauna kamar ta yi daidai, har sai ka ja ta zame ta share kusurwoyi. Gwada lambar ƙasa tukuna kullum. Wadda ta shiga da ƙyar ita ce taka.

Soket, wato sifana mai kama da ƙoƙo da ake kifawa a kan noti, mai kusurwa shida ake so, domin faffaɗan gefen noti take kamawa. Mai kusurwa goma sha biyu bakin kusurwa kawai take riƙewa, wanda tsatsa ta riga ta ci. In soket ba za ta shiga ba, sifana mai zobe. Mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take kamawa kuma bakinta yana buɗewa in an matsa, ita da sifanar da ake daidaitawa da yatsa ka ajiye su gefe. Buga soket ɗin da guduma ta zauna har ƙasa. Bakin soket yana da ɗan gangare daga ciki don ta riƙa shiga da sauƙi, kuma a kan noti mai gajeren kai gangaren nan yana cinye rabin kamun. Makanikin da ya san aiki yakan ware soket ɗaya ta 10 da ɗaya ta 12 ya goge bakinsu ya baje don irin wannan rana.

Sa hannun soket na sandar ƙarfe, racet, wato hannun soket mai haƙora a ciki, haƙoranta ba su jure wannan. In ka ƙara tsawo don ka kai ga notin, tallafe gwiwar da hannun hagu kada soket ta karkace.

Fara da ɗaurewa. Ja shi dama kaɗan ƙwarai, gwargwadon abin da za ka ji ko ya girgiza. Wannan yana karya tsatsar ta ɗaya fuskar haƙoran. Sannan ka dawo hagu da ja mai nauyi wanda yake ƙaruwa sannu a hankali. In ya ƙi, riƙe sandar a matse ka bugi ƙarshenta da tafin hannu ko gudumar roba. Gajeren bugu yakan yi abin da dogon ja ya kasa.

Maganar ƙara bututu a sifana tana da iyaka. Notin da kaurinsa milimita 6 ne, mai kan 10, da kusan Nm 10 ake ɗaure shi, wato nauyin kilo 1 a ƙarshen sanda mai tsawon mita 1. Mai milimita 8 kusan Nm 25, mai milimita 10 kusan Nm 50. Ka ga ke nan in ka zura bututu mai mita guda a kan notin 10, hannun ƙaramin yaro ma ya isa ya tsinke shi. Bututu na masu kan 17 da 19 ne. A kan 10 da 12, gajeriyar sifana ita ke kare ka daga ƙarfin hannunka.

Sai ka saurara da hannunka. Notin da ya saki yakan yi ƙas, sannan ya motsa da nauyi, wani lokaci da ƙara. Wanda yake murɗewa ba ya ƙara. Za ka ji sandar tana tafiya da taushi, in ka saki ta ɗan dawo baya, in ka ci gaba kuma ta riƙa yin sauƙi. Sauƙin nan alamar jikin notin ne yake miƙewa, saura ƙiris ya rabu biyu. Da ka ji haka, tsaya cak. In kana ganin ƙarshen notin ta baya, ja layi da alli a kansa da ƙarshensa. Kai yana juyawa ƙarshe yana tsaye, murɗewa yake yi.

To ya motsa, alhamdu lillahi, amma aikin bai ƙare ba, kuma a daidai nan ake karya da yawa saboda murna. Kwance shi kwata, mayar da shi rabin haka, zuba mai, sake kwancewa. Duk lokacin da ya fara nauyi ko kuka, koma baya. Kai-da-kawon nan yana niƙe tsatsar yana turo ta waje, za ka ga man yana fitowa ja ko toka-toka. In notin ya yi zafi a hannu, bar shi ya huce. Ƙarfe mai zafi a cikin alminiyom yakan kwaso haƙoran ramin ya fito da su.

Injin kwance noti na iska ko na batir yana da amfani a kan manya, in an rage masa ƙarfi ana ba shi kaɗan-kaɗan. A kan ƙanana kuwa kafin ka ankara ya fille kan.

Wuta

In mai da bugu sun gaza bayan an ba su lokacinsu, sai zafi. Kafin a kunna komai, bi wurin da ido: ina tiyon fetur ya bi, ina wayoyi, ina roba, ina bututun na'urar sanyaya ɗaki, wanda iskar cikinsa a matse take kuma ba a kai masa wuta ko kusa. Goge duk man da ka fesa. Kare abin da ba zai ciru ba da guntun kwano da jiƙaƙƙen tsumma a bayansa. A fitar da jarka da kwalaben fetur daga rumfar. A ajiye bokitin rairayi da abin kashe gobara kusa da hannu, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, baza ta yake yi. In ka wanke wurin da maganin wanke birki na fesawa, jira ya bushe sarai, wasu irinsa in wuta ta taɓa su iska mai guba suke fitarwa. Sa tabarau.

Abin da ya kewaye notin ake gasawa, don ya buɗe ya sake shi. In macen noti ce ta ƙarfe, kamar ta bakin salansa, sa mata bakin wutar mai walda a gefe ɗaya har ta fara yin ja mai duhu, ka ɗora soket nan take ka ja tun tana da zafi. A inuwa ake yin wannan. A tsakar ranar watan Afrilu ko Mayu ba za ka ga jan ba sai ka wuce misali.

Alminiyom dabam yake, kuma a kula da shi sosai. Ba ya yin ja. Yana nan da launinsa har ya kai digiri 660 ya narke ya zube, ba tare da ya nuna wata alama ba. Amma zafi ɗaya yana buɗa shi kusan ninki biyu na yadda yake buɗa ƙarfe, don haka digiri 150 zuwa 200 ya isa. Yi amfani da ƙaramar wutar gas, ka riƙa zagaya notin da ita kada ta tsaya wuri ɗaya. Ɗiga ruwa da yatsa a gefe, in ɗigon ya yi tsalle ya ɓace nan take, gwada sifana.

Idan babu hanyar kai wuta sai ta kan notin kansa, gasa kan, sannan ka bar shi ya huce gaba ɗaya kafin ka taɓa. Kumburin da ya yi ya murƙushe tsatsar, in ya huce ya koma sai sarari ya samu. Yana da sauran ɗumi, goga kyandir a gindinsa, kakin zai narke ya bi haƙora. Ana iya maimaitawa sau biyu ko uku. Kada ka watsa ruwan sanyi a kan inji ko bakin salansa mai zafi don ka gaggauta, suna tsagewa.

Akwai kuma notin da kamfani ya ɗaure da jan man kulle haƙora. Shi ba ya jin man tsatsa ko kaɗan, sai ya ji zafin kusan digiri 250 yake saki.

In kan ya riga ya cinye

Buga masa soket ta ƙasa da lambarsa. Kan 12 da ya zagaye yakan karɓi 11. Kan 13 da ya rame yakan yi daidai da soket ta rabin inci, wadda take milimita 12.7. Akwai soket masu murɗaɗɗun haƙora a ciki waɗanda suke ƙara cizo in ana ja hagu, duk garejin da ke yawan taɓa tsofaffin motoci ya kamata ya mallaki saiti ɗaya. In akwai fili, goge gefe biyu da magagari su baje, ka kama da filaya mai kulle, ka matse ta iya ƙarfinka. Ko ka sa kurfi a gefen kan ka sare ɗan gurbi, ka karkata shi, ka riƙa bugawa ta fuskar hagu.

In macen noti ce a kan tsayayyen noti marar kai, sadaukar da ita. Yanka gefenta da zarto har ka kusa haƙora, ka sa kurfi ka fasa. Sabuwar mace tana ko'ina a shagunan kayan mota, tsayayyen da ke cikin kan inji shi ne abin tattali.

Dogon notin da farin gari ya riƙe kuwa, dabarar da na fi yarda da ita ita ce a yanke kan da gangan. Kwance sauran notin, ka riƙa girgiza famfon ko murfin kana zuba mai har ya zare ta kan guntun. Yanzu ga jikin notin a tsaye a fili, abin da ya riƙe shi ya tafi, sau da yawa filaya kawai ta isa.

In ya karye

Duba inda ya karye. In guntu ya leƙo waje, kada ka yanke shi. Yanzu mai yana da hanya kai tsaye zuwa haƙora, zuba, buga, gasa kewaye. In da sauran haƙora a jikinsa, ɗaura mace biyu ka matse su da juna, ka juya macen da ke ƙasa zuwa hagu. In babu, filaya mai kulle a can gindi.

In ya karye daidai da fuskar ƙarfe, mai waldar lantarki shi ne mutuminka. Zai ɗora wosha mai rami daidai da kaurin guntun ya haɗa su, sannan ya ɗora macen noti a kan woshar ya cike cikinta. Riba biyu ke nan, sabon kai da kuma zafin da ya ratsa guntun har ƙasa. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyom, don haka a kan inji na alminiyom dabarar ta fi tafiya. Jira jan ya ɓace kafin ka sa sifana, ka yi ta kai-da-kawo a hankali. In macen ta ɓalle a sake wata, kowane zagaye yana ƙara sassauta shi. Kafin ya fara, a cire kan batir duka biyu, a zare filogin kwamfutar inji in motar tana da ita, a maƙala wayar ƙasa ta injin walda dab da wurin aikin, don kada wutar ta bi ta wayoyin mota.

In ya karye can ciki, sai huda. Toshe duk wata kafa da ke kusa da tsumma kada garin ƙarfe ya faɗa cikin inji. Sa ƙarfe mai tsini ka buga alama a tsakiyar guntun daidai. Duk aikin a kan alamar nan ya rataya, domin bakin huda in ya zame daga ƙarfe mai tauri, cikin alminiyom mai taushi zai faɗa ya ɓata ramin. In fuskar guntun a karkace take, zura ɗan gajeren bututu mai cika ramin ya zame wa bakin huda jagora. Auna zurfi da ɗan'uwan notin da ya fito lafiya, ka naɗa salatif a bakin hudar a daidai nan. Bayan ramin sau da yawa hanyar ruwa ce ko ta mai, in ka fasa ta gyaran ya zama babba.

Fara da baki mai milimita 3, gudu kaɗan, matsi daidai, ɗigon mai lokaci-lokaci. Shafa giris a jikinsa ya riƙa kama garin. In ka samu bakin huda mai juyin hagu, shi ne gaba da kowanne, domin yana cikin huda yakan ciji guntun ya warwaro shi.

Akwai ƙarfen nan mai tsini da murɗin hagu da ake sayarwa don ciro karyayyen noti. Ina jan kunne a kansa. Yana aiki a kan notin da ɗauri ya karya, wanda haƙoransa ke sake. Wanda tsatsa ta riƙe har kansa ya fille, da wuya siririn ƙarfe ya iya abin da cikakken kai ya kasa. Ga shi yana buɗa guntun yana ƙara matse shi, ga shi da gautsi. In ya karye a ciki, bakin huda na yau da kullum ba ya cinsa. In za ka gwada, da ƙaramin hannu, kuma da ka ji yana lanƙwasa ka daina.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce ka riƙa ƙara girman baki kaɗan-kaɗan har ka kai bakin haƙora: milimita 5 ga noti mai 6, sai 6.8 ga mai 8, sai 8.5 ga mai 10 in tazarar haƙoransa 1.5 ce, ko 8.8 in 1.25 ce, wadda ita ta fi yawa a motocin Japan. In hudar ta tafi a tsakiya, abin da zai rage siririn zare ne na ƙarfe a cikin haƙoran ramin, sai ka sa tsinke ka warware shi. Bi da ƙarfen yanka haƙora mai lamba daidai, da mai, rabin juyi gaba, kwata baya. In haƙoran sun lalace, akwai zoben waya na gyara da ake kira Helicoil, wanda yake mayar da ramin lambarsa ta asali, kuma a cikin alminiyom yana riƙo ƙwarai. Cusa noti mafi girma da ƙarfi ko cike ramin da gam, gyaran da zai saki a tsakiyar daji ne.

In wurin ba ya barin injin huda ya tsaya a miƙe, kamar notin baya na bakin salansa da ke kallon bangon mota, kada ka huda a karkace. Sauke kan injin ka kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su huda shi a kan teburi.

Mayarwa

Wanke ramin ka hure shi ya bushe. Ruwa ko man da ya taru a ramin da ba ya ɓullewa, in noti ya danne shi yana iya tsaga alminiyom. Notin da ya sha wuta har ya yi ja, ko wanda ka ji ya fara murɗewa, jefar da shi ko da idonka bai ga komai ba. Sabon ya zama tsawo ɗaya, tazarar haƙora ɗaya, ƙarfi ɗaya. Lambar ƙarfin tana kan notin, 8.8 ko 10.9, wanda ba shi da wata alama a kai kada ya shiga inji.

A bakin salansa shafa giris mai jan ƙarfe a haƙora, in ka samu mace ta tagulla ma ya fi. Dogon notin da ya ratsa alminiyom, shafa giris kaɗan a duk tsawon jikinsa, domin a nan farin garin yake taruwa. Notin da aka shafa wa giris ya fi busasshe saurin matsewa, don haka rage ɗauri kaɗan. Notin kan inji da na cikin inji ba su cikin wannan, su abin da littafin motar ya ce ake bi, da sifanar awo.

Fara ɗaura kowane noti da yatsu, juyi uku ko huɗu, kafin sifana ta taɓa shi. In aikin a hanyar ruwa ne, sa sabon gaskit, ka wanke lagireto ka zuba ruwan sanyaya inji na galan, wanda yake ɗauke da maganin hana tsatsa. Mayar da kan batir, na tarawa tukuna sannan na ragi. Tayar da motar ta yi zafi ka duba yoyo, in ta huce kuma ka sake bin notin bakin salansa da sifana, domin sabon gaskit yakan kwanta bayan zafin farko.